Aron Baki a Ci wa Na'ura Albasa

Lokacin da Hausa ta tashi raɗa suna ga na'urar da ke motsi da aiki ita kaɗai, ba ta wahalar da kanta ba, sai ta koma gona ta ɗauko mutum-mutumi, wato tsumman nan da ake rataya wa kara don tsuntsu ya zaci mai gona na tsaye. Kalmar tana da wayo. Ta ambaci mutum har sau biyu, amma duk wanda ya ji ta ya san babu kowa a cikin rigar. Wannan wayon ne fim ɗin Good Night Oppy, wato "Sai da safe, Oppy", ya riƙe a wasu wurare, ya saki a wasu. Ryan White ne ya shirya shi, ya fito a shekarar 2022, yana ba da tarihin motocin bincike biyu da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta aika duniyar Mars. Fim ne na abin da ya faru, mutanen da suka yi aikin su ne ke magana da bakinsu, kuma tunda irinsa malamai ke nema su nuna wa ɗalibai idan an zo darasin taurari, ya dace a auna abin da yaro zai tashi da shi bayan an kunna fitila.

Motocin tagwaye ne. Kowacce ƙafarta shida, nauyinta kilo 185, tana samun wuta daga farantan hasken rana da ke shimfiɗe a bayanta. Ta farko ta sauka a kwarin Gusev ranar 4 ga Janairu 2004, ta biyu a filin Meridiani ranar 25 ga wannan wata. An yi musu lissafin kwana 90 na Mars, domin ana ganin ƙura za ta lulluɓe farantan kafin a wuce haka. Sai ga shi iska na zuwa lokaci zuwa lokaci tana share ƙurar. Ta farko ta kai shekarar 2010, ta biyu kuwa ta kai 2018, bayan ta ci tafiyar kilomita 45 da ƴan mitoci.

A takardun injiniyoyi sunansu MER-A da MER-B. Sunan yanka kuwa wata yarinya ƴar shekara 9, Sofi Collis, ce ta raɗa musu a 2003, a gasar rubutu da yara kusan dubu 10 suka shiga: Spirit, mai ma'anar ruhi ko himma, da Opportunity, wato dama. An haifi yarinyar a Saiberiya, ta yi zaman gidan marayu, kafin a ɗauke ta riƙo zuwa jihar Arizona. Shi kuwa Oppy laƙabi ne na cikin gida, kamar yadda Hadizatu ke komawa Dije, Muhammadu ya koma Mamman, kuma ba a yi wa baƙo irin wannan suna. Al'adar ba ta fara da su ba. Ƙaramar motar da ta sauka a 1997, Sojourner, ta ci sunan Sojourner Truth, baiwar nan da ta kuɓuta ta zama mai yaƙi da bauta a Amurka, kuma ita ma ƴar makaranta ce ta ba da sunan. Waɗanda suka biyo baya duk sunayen halin kirki aka ba su: Curiosity, son sani, da ta sauka a 2012, da Perseverance, naci ko juriya, da ta sauka a 2021. Sunaye ne na fata, dangin Dogara da Godiya.

Babu abin zargi a nan. Direban babbar mota na rubuta mata suna a goshi, mai doki na yi wa dokinsa kirari, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce hankalinsu ya taɓu ba. Suna linzami ne, da shi ake juya abu, da shi kuma ake riƙe shi. Aikin tagwayen ya ci kusan dalar Amurka miliyan 800 kafin su fara komai, kuɗin harajin jama'a, kuma duk ƙarin wa'adi sai an koma an nemi kuɗinsa. Mai biyan haraji ba zai tambayi lafiyar MER-B ba, amma zai tambayi lafiyar Oppy. Hukumar ta san haka sarai, ba ta kuma ɓoye ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan zurfi, wanda Janet Vertesi, masaniyar zamantakewar jama'a, ta bayyana a littafinta Seeing Like a Rover na 2015, bayan ta daɗe tana zama cikin ƙungiyar masu aikin. Saƙo tsakanin Duniya da Mars na ɗaukar daga ƴan mintoci zuwa sama da minti 20 kafin ya isa, gwargwadon nisan da ke tsakaninsu, saboda haka ba a tuƙa motar kamar yadda ake tuƙa mota a kan hanya. Ana zama ne a tsara umarnin yini guda, a aika, a jira sakamako. Wanda zai tsara irin wannan umarni dole ya san inda inuwa za ta faɗi, da inda hannun na'urar zai iya kaiwa, da yadda gangare zai karkatar da farantai daga rana. Vertesi ta ga masana suna gwada haka da jikinsu: su mayar da hannuwa baya kamar farantai, su juya kai a hankali kamar kyamara, su lanƙwasa gwiwar hannu yadda na'urar ke lanƙwasawa. Kuma idan suna magana a kan motar, "mu" suke cewa: mun hau tudu, mun maƙale a rairayi. An dasa kyamarar a kan wuya mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, da ido biyu, don hoton ya fito kamar yadda mai nazarin duwatsu zai gani da yana tsaye a wurin. Makaho ba ya cewa sandata ta taɓa rami, cewa yake na taɓa rami, kuma gaskiya ya faɗa. Irin wannan kamantawa kayan aiki ce, da ita aka yi tafiyar kilomita 45.

Mai karatun Hausa zai lura da wani abu da mai Turanci ba zai lura da shi ba. A Turanci akwai wakilin suna na musamman ga abin da ba shi da rai, saboda haka duk ranar da injiniya ya kira motar da wakilin sunan mace, ya yi zaɓi ne, ana kuma jin zaɓin a kunne. Fim ɗin ya jingina da wannan ƙwarai. A Hausa kuwa babu wannan tsani na uku, komai ko shi ne ko ita ce. Mota ita ce tun asali, na'ura ita ce, dutse shi ne. Haka nan fi'ilai: mota ta mutu, agogo ya mutu, fitila ta mutu, injin ya ƙi tashi, rijiya ta ƙafe ta bar mutane, ba wanda ke zaman makoki. Malamin da ya ce wa ɗalibansa Oppy ta mutu a 2018 bai ƙara komai a kan abin da makanike ke faɗa kullum ba. Ke nan a Hausa ba a wakilin suna haɗarin yake ba, ba kuma a laƙabi ba. Yana wurin da aka sa na'ura ta ce "ni".

Wannan "ni" ɗin yana da tarihi, kuma farkonsa ba shi da wani armashi. A 2008, lokacin da jirgin Phoenix ya sauka kusa da ƙuryar arewacin Mars, Veronica McGregor ta ofishin labarai na cibiyar JPL, da ke Pasadena a Kaliforniya, ta buɗe masa shafi a dandalin Twitter. A lokacin ba a wuce harafi 140 a saƙo guda, kuma "ni" ya fi "jirgin sama jannati" gajarta. Jama'a suka so abin. Da Curiosity ta zo, sai aka ba ta murya mai barkwanci da ɗan alfahari, ma'aikatan ofishin ne ke rubutawa, miliyoyin mutane na karantawa. Hotunan da ake cewa ta ɗauki kanta kuwa gomman hotuna ne da kyamarar da ke bakin hannunta ta ɗauka bisa umarni, aka ɗinke su a Duniya, shi ya sa hannun ba ya fitowa a ciki. A watan Agusta na 2013, da ta cika shekara da sauka, injiniyoyi suka sa wani ɓangaren na'urar gwajin ƙasa ya yi rawar jiki a kan sautin waƙar murnar ranar haihuwa. Sau ɗaya aka yi. Amma labarin da ya bazu shi ne wai kowace shekara tana rera wa kanta waƙar ita kaɗai a cikin hamada, kuma mutane da yawa sun ji tausayin wannan maraicin da bai taɓa faruwa ba.

Ba Amurka kaɗai ba. Motar Sin mai suna Yutu, sunan zomon nan da tatsuniyarsu ta ce yana zaune a cikin wata, ta sauka a wata a Disamba 2013. Da ta samu matsala a Janairu 2014, an wallafa saƙonni da muryarta tana sallama da mutanen Duniya, aka yi ta yi mata addu'a da fatan samun sauƙi.

Mafi shahara shi ne abin da ya faru a Fabrairu 2019. Guguwar ƙura ta lulluɓe Mars a watan Yuni na 2018, Opportunity ta yi shiru tun ranar 10 ga watan, an aika mata umarni sama da dubu cikin wata takwas ba amsa. Ana gab da sanar da ƙarshen aikin, wani ɗan jarida na rediyo a Kaliforniya, Jacob Margolis, ya rubuta cewa saƙonta na ƙarshe, a taƙaice, shi ne batirinta ya yi ƙasa kuma duhu na shigowa, ya kuma rubuta shi da muryarta. Kafin gari ya waye jimlar ta zagaya duniya a matsayin wasiyyar na'ura. An buga ta a riguna, an yi mata zane. Shi Margolis ya fito ya bayyana cewa fassararsa ce ta abin da masana suka gaya masa, motar lambobi ta aiko. Bayanin bai yi tafiyar da jimlar ta yi ba.

Adabin baka na Hausa ya san hanya biyu ta sa abin da ba mutum ba cikin sahun mutane, kuma kowacce na da ladabinta. A kirari, mutum ne ke tsaye yana magana da doki ko takobi ko gari, kowa na ganin mai kirarin, kowa ya san zuciyarsa ce ke magana. A tatsuniya kuwa Gizo da Ƙoƙi da kura su ke magana da bakinsu, amma sai an buɗe ƙofa da "ga ta nan, ga ta nanku", an kuma rufe da "ƙurunƙus", yaro ya san inda ƙarya ta fara da inda ta ƙare. Waƙoƙin tashi daga barci da ƙungiyar ke sawa a ɗakin aiki da safiyar Mars, har zuwa waƙar Billie Holiday da suka aika a daren ƙarshe, duk kirari ne, mutane ne ke faɗin abin da ke ransu, ba su ce motar ta ji ba. Jimlar batir da duhu kuwa tatsuniya ce da aka cire wa buɗewa da rufewa, aka ajiye ta a shafin labarai. An ari bakin na'ura an ci mata albasa, kuma mai cin ya ɓace.

A kan wannan ma'auni fim ɗin White rabi da rabi ne. Inda ya dogara da tsofaffin hotunan bidiyo na JPL, yana da ƙarfi ƙwarai. Ana ganin Steve Squyres, shugaban masanan aikin, da gashinsa baƙi, ana kuma ganinsa da furfura, shekarun da aikin ya ci suna rubuce a fuskokin mutane. Ana ganin ma'aikatan da suka koma rayuwa a kan agogon Mars, wanda yininsa ya fi na Duniya da kusan minti 40, har safiyarsu ta riƙa zamewa tana shiga dare. Labarin irin waɗannan mutane shi ne naman aikin: yadda Spirit ta rikice kwana 18 da sauka saboda ma'ajiyar bayananta ta cika, aka gano cutar daga nisan miliyoyin kilomita aka yi maganinta, yadda Opportunity ta nutse a tudun rairayi a 2005, aka haɗa irin wannan rairayin a Duniya, aka yi ta gwaji da wata motar kusan mako biyar kafin a fitar da ita.

Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne inda ya fi kyan gani. Babu wanda ya taɓa tsayawa a Mars ya ɗauki bidiyon tagwayen suna tafiya. Duk inda aka gan su daga waje, zanen kwamfuta ne na kamfanin Industrial Light & Magic, kuma zanen ya yi kyau har ya wuce gona da iri. Wuyan kyamara na juyawa kamar mai mamaki, yana sunkuyawa kamar mai gajiya, kiɗa na biye da shi yana nuna wa mai kallo inda zai yi hawaye. Yaro ba shi da hanyar rarrabe hoton da motar ta aiko da wanda aka zana mata, sai an gaya masa. Lalacewar ma'ajiyar bayanai ta zama mantuwar tsufa, ciwon kafaɗar hannun ƙarfe ya zama sanyin ƙashi. Kalmomin daga bakin ma'aikatan suka fito, gaskiya ne, amma su sun san abin da ke ƙarƙashin kalmomin. Shi kuwa ainihin abin da aka je nema an ba shi lokaci kaɗan: ƙananan duwatsun nan masu kama da ƴaƴan kanya, na ma'adinin hematit, da gishirin da ke nuna ruwa mai tsami ya taɓa jiƙa filin Meridiani, da yumɓun bakin ramin Endeavour da ke nuna wani ruwan da ya fi wancan daɗi ga rayuwa.

Misalin ƙafar Spirit ya isa ya nuna abin da ake asara. A 2006 ƙafarta ta gaba ta dama ta daina juyawa. Yadda aka fi ba da labarin shi ne wata gurguwa ce mai zuciya da ta ƙi sarewa. Abin da ya faru kuwa, direbobi ne suka yanke shawarar tuƙa ta da baya tana jan matacciyar ƙafar, ƙafar ta riƙa tona ƙasa kamar garma, a 2007 ta tono wata farar ƙasa, wani ya lura da ita a hoto, aka juya aka auna, aka tarar kusan kashi 90 cikin ɗari silika ce, alamar maɓuɓɓugar ruwan zafi ko tururin dutse mai aman wuta a zamanin da. Labari na farko na koya wa yaro tausayi, kuma tausayi ba abin yarwa ba ne. Na biyu na koya masa cewa hasara na iya zama kayan aiki idan akwai mai ido a wurin. Darasin kimiyya yana cikin na biyu.

Tarayyar Sobiyet ta kai motarta Lunokhod wata a Nuwamba 1970, ta yi tafiyar sama da kilomita 10, ƙungiyar mutum biyar ke tuƙa ta daga wani ɗaki a Kirimiya, kuma an ɓoye sunayensu shekaru masu yawa saboda sirrin gwamnati. A Amurka ba wanda ya ɓoye kowa, amma ƙaunar da aka yi wa motar ta yi kusan aikin da sirri ya yi a can. Dubban mutane sun san Oppy, kaɗan ne za su iya kiran sunan direba ɗaya. Ga ɗalibin Maraɗi ko Tawa wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ba zai taɓa zama Oppy ba, amma yana iya zama irin Ashitey Trebi-Ollennu, haifaffen Gana, wanda ya yi aiki a kan tagwayen a JPL, ko Cheick Modibo Diarra na Mali, wanda ya yi lissafin hanyar jiragen hukumar, har da wanda ya kai Sojourner, kafin ya zama firaministan ƙasarsa a 2012. A cikin fim ɗin kansa akwai Abigail Fraeman, wadda tana ƴar makarantar sakandare aka gayyace ta ɗakin aiki daren da Opportunity ta sauka, ta kuma zama mataimakiyar shugaban masanan aikin kafin ya ƙare. Ita ce ta fi cancantar a tsayar da fim a kanta a yi wa aji tambaya.

Raɗin suna bai tsaya a kan motoci ba, ya kai ga duwatsun da suke haɗuwa da su. A 1997 an kira wasu Yogi da Scooby-Doo, sunayen dabbobin zanen talabijin na yaran Amurka. A 2021 ƙungiyar Perseverance ta nemi izinin al'ummar Nabaho ta yi amfani da kalmomin harshensu, dutsen farko aka ce masa Máaz. Waɗannan sunaye na wucin gadi ne, don sauƙin aiki, amma suna nuna wa ke riƙe da linzami. Dutsen Mars mai kilo 18 da ya faɗo a ƙasar Katsina a 1962 ya ci sunan wurin da ya faɗi, Zagami, da shi masana ke kiransa har yau. Wanda aka tsinta a yankin Agadas a 2023, mai kusan kilo 25, an sayar da shi a gwanjo a birnin New York a watan Yuli na 2025 a kan sama da dalar Amurka miliyan 5, abin da ya sa hukumomin Nijar buɗe bincike. Sunansa a takarda NWA 16788, wato Arewa maso Yammacin Afirka da lamba.

Malamin da zai nuna fim ɗin yana iya ajiye wa ɗalibai ainihin saƙon 10 ga Yuni 2018 a kan allo, domin ya fi jimlar da aka ƙaga masa abin faɗi. A ƙarshen watan Mayu farantan na samar da wutar da ta haura awo 600 a yini. Ranar nan awo 22 suka samar, wato abin da zai kunna ƙwan lantarki mai wat 22 na awa ɗaya tak. Ma'aunin kaurin ƙura a iska, wanda a ranakun lafiya ba ya kai 1, ya kai 10.8, kuma duk ƙarin 1 a wannan ma'auni na rage hasken da ke zuwa kai tsaye daga rana kusan ninki uku, lissafin da ɗan aji na sakandare zai iya bi da alli. Daga cikin abin da ya iso akwai hoto guda da kyamarar hagu ta ɗauka tana duban sama don auna ƙurar. Ba a ga rana a ciki ba, sai ɗigo-ɗigon fari na hayaniyar kyamara a kan duhu, ƙasan hoton kuma baƙi ƙirin, domin saƙon ya yanke kafin sauran layukan su iso.